Wutar Gidan Brid

Shekara hamsin da ɗaya Nabla McGinley ta yi tana hawa tudun nan sau biyu a rana, safe da yamma, don ta duba wutar gidan da ba nata ba. Ni na ƙirga mata, domin gidan waya na ƙauyenmu a ɗakin gaban gidana yake, tagarsa kuma tana kallon hanyar tudun da wurin da bas ke tsayawa. Mutane suna cewa ni, Sabha Boyle, ba abin da ke wuce ni, wai wasiƙa tana cikin ambulan ma ina iya karanta ta da hanci. Sharri ne kawai. Taga ce aka gina mini a wuri mai kyau.

Gidan da ke kan tudun shi ne inda aka haifi mutumin da ya shugabanci gwamnatin ƙasarmu har sau biyu. Sunansa na gwamnati yana kan tituna da makarantu, ba sai na faɗa ba. Mu nan bakin tekun Donegal, Colm ɗan Brid muke ce masa, gidan kuma gidan Brid, don uwarsa muka fara sani kafin shi. Ɗaki uku ne, farin bango, rufin jinka, da babban murhu a ɗakin girki wanda mutum biyu za su iya zama a gefensa su miƙe ƙafa.

Lokacin da muka taso ba a barin wutar gida ta mutu. Tubalin fadama muke ƙonawa, baƙar ƙasar nan da maza ke yankawa da bazara su shanya ta bushe. Da yamma uwar gida ta tattara garwashi ta binne shi cikin toka, da safe ta tone ta hura, haka kullum, har ya zama wutar da ta dafa wa kakarka dankali ita ce ke dafa naka. In kuma gida zai tashi, masu shi za su tafi Scotland ko Amurka neman abinci, sai maƙwabci ya zo da tukunyar ƙarfe ya ɗebi garwashinsu ya kai murhunsa ya haɗa da nasa. Ranar da suka dawo, ko bayan shekara ashirin ne, a ɗebo musu wutarsu a mayar. Gidan da aka ɗauke wa wuta kuwa kowa ya san makomarsa. Hayaƙi ne ke busar da jinka daga ciki, in babu shi hunturu biyu sun isa rufin ya ruɓe ya zube.

Nabla 'yar masunci ce, gidansu a gindin tudun. Su bakwai aka haifa, shida jirgin ruwa ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya zuwa ƙasashen waje, ita ta rage. Gajeriya ce mai saurin tafiya, kullum cikin tsohon kwat ɗin ubanta, ga baki, in ta yanka maka magana sai ka isa gida kafin ka ji zafinta. Ajinmu ɗaya a makaranta, kuma tun daga nan muke faɗa. Tana da shekara sha bakwai ƙafafun Brid suka gaza, aka ɗauke ta ta riƙa yi wa tsohuwar girki da wanki. A lokacin Colm ya riga ya tafi Dublin, babban birninmu, yana ta jawaban siyasa. Wanda ke gida shi ne ƙanensa, Manus.

Manus bai yi kan karatu ba, shi ma bai taɓa cewa ya yi ba. Amma a yankan tubali da jan taru ba mai kama ƙafarsa, in kuma aka sa goge a zauren coci ranar Asabar, 'yan mata har rige-rigen tsayawa kusa da ƙofa suke don ya fara ganinsu. Ni ma ya taɓa rawa da ni sau ɗaya, kuma na daɗe ban manta ba. Sai dai duk ƙauyen ya san inda idonsa yake. Kullum Nabla ta gama aiki shi ke rako ta gindin tudun, tafiyar minti biyar su yi ta cikin awa guda, tana zaginsa yana dariya.

Sai kifi ya ƙaurace wa gaɓarmu shekara uku a jere. Manus ya bi samari zuwa Scotland, inda ake haƙa ramuka a cikin duwatsu, yana dawowa duk Kirsimeti da sabon takalmi da tari. Ana cikin haka Brid ta rasu. Baƙaƙen motoci suka cika ƙauyen, Colm ya yi kuka a gaban masu ɗaukar hoto, kuma in faɗi gaskiya ya yi a bayansu ma. Kwana uku da jana'iza Manus ya fito da jakarsa zai koma. Nabla ta rako shi wurin bas, ni kuma ina goge gilashin taga, wanda dama yana buƙatar guga.

"Nabla, ki riƙe mini wutar nan," in ji shi.

"Har yaushe?"

"Shekara biyu. In tara na sayen jirgin kamun kifi, in dawo in sake jinka."

"In ka ƙara ko kwana ɗaya a kan biyun nan, da ruwan wanke-wanke zan kashe ta."

"Ba za ki iya ba."

"Gwada ni ka gani, mai ƙaton kai."

Ya shiga bas yana dariya. Ta tsaya har ƙarar injin ta ɓace, sannan ta juyo ta ce mini in na gama goge tagar in zo in goge ta gidansu.

Kowa ya zuba ido ya ga ta ɗauki tukunya ta sauko da garwashin gidansu, kamar yadda aka saba. Ba ta yi ba. Washegari da sassafe sai ga ta tana hawa tudu, jim kaɗan hayaƙi ya tashi daga gidan da ba kowa a ciki. Uwarta ta yi faɗa har ta gaji, ta ce abin kunya ne budurwa ta riƙa hura wutar gidan namiji alhali ba aure ba baiko. Ni ma na tare ta na ce wannan wace irin wahala ce, ga hanya mai sauƙi da iyayenmu suka bar mana.

"In na sauko da ita jinkar za ta ruɓe," ta ce. "Ya dawo ya kwana ina? A akwatin wasiƙunki?"

Wasiƙunsa ta hannuna suke bi. Da farko duk wata, daga Glasgow. Daga baya aikin ya ƙare ya haye Kanada, wasiƙa ta koma sau uku a shekara, sai ta koma ta Kirsimeti kaɗai. A shekara ta goma sha biyu ba ta zo ba. Nabla ta ci gaba da rubuta tata, har ranar da ɗaya ta dawo mini da jan hatimi a kai, wai ba a san mai wannan suna a wurin ba. Na ajiye ta kwana biyu a aljihun tebur ina rasa yadda zan yi. A na ukun na hau tudun da kaina na same ta durƙushe gaban murhu, na miƙa mata. Ta juya ambulan ɗin gaba da baya, ta karanta hatimin, sai ta ɗora ta a kan garwashi.

"Me kika yi haka?" na ce.

"Nan ne adireshinsa da na tabbatar da shi," in ji ta.

Tun daga shekarar, duk Kirsimeti takan zo ta sayi ambulan da kan sarki a wurina, ta rubuta wasiƙa ta manne, ta hau tudu da ita. Na sha ce mata tunda wuta za ta ci, ta bar ɓarnar kan sarkin mana. Ta ce ita ba ta aika wasiƙa a sata.

A shekarun nan ne Colm ya hau mulki, 'yan jarida suka gano cewa akwai wata mata a ƙauyen shugaba da ba ta bar wutar gidansa ta mutu ba. Nan take abin ya zama labari. Aka rubuta cewa biyayya ce, aka ce kishin ƙasa ne. Duk zaɓe sai Colm ya zo ya tsaya a ƙofar gidan, hayaƙi na tashi a bayansa, ya ce yadda wutar uwarsa ba ta mutu ba haka fatan ƙasar nan ba zai mutu ba. Mu kuwa mu tafa, muna danne dariya, domin kowa ya san Nabla ko sau ɗaya ba ta taɓa jefa masa ƙuri'a ba. Ta ce tun yana yaro ba ta yarda da shi ba, shi ke cinye ɓawon burodi ya ce kare ne.

Wata shekara ya riƙe hannunta a gaban jama'a ya ce, "Nabla, ƙasa ba za ta manta da ke ba."

"To ƙasa ta aiko da tubali, na bara ya ƙare."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma da mutane suka ja baya na ga ta matsa kusa da shi ta yi ƙasa da murya. Ina kusa, don an ba ni riƙon furanni.

"Ka ji labarin Manus?"

Ya girgiza kai. Ya ce ya sa an bincika ta ofisoshin jakadancinmu na Kanada, asibitoci da gidajen kwana na ma'aikata, har da rajistar matattu, ba a samu komai ba. A ranar na fara jin tausayin Colm. Mutum yana da ƙasa guda a hannunsa ya kasa gano ƙanensa.

Masu neman aurenta sun zo, har da wani mai gona da matarsa ta rasu, mutumin kirki mai shanu ashirin. Ta ce masa gonarsa ta yi nisa da tudu. Ni na yi aure, na haihu, na binne mijina, ita tana nan tana hawa da sauka. Ta yi aikin ɗinki a masana'antar riguna har aka rufe ta, ta yi shara a makaranta, kuma duk inda ta nemi aiki sharaɗinta ɗaya ne, a sake ta kafin rana ta faɗi. Ban taɓa daina tsokanarta ba.

"Ke Nabla, mutumin nan fa yana can da ƙatuwar mata da 'ya'ya shida."

"To ai za su buƙaci gida mai ɗumi in sun zo."

"Ko kuma ya daɗe da zama ƙasa."

"Kin ga takarda?"

Ban ga takarda ba, kuma ta san in da akwai ni zan fara gani.

Colm ya rasu da tsufansa. 'Ya'yansa mutanen birni ne, ba su san abin da za su yi da ɗaki uku a kan tudu mai iska ba, shekara tara gidan yana nan ba a yanke komai ba. Daga ƙarshe magana ta tsaya a kan abu biyu. Ko dai hukumar adana kayan tarihi ta karɓi gidan ta mai da shi gidan tarihi, ko kuma a sayar wa wani attajiri da ke son ya rushe bangon baya ya yi masaukin masu hutu. 'Ya'yan suka ce duk wanda ƙauye ya zaɓa sun yarda.

Aka kira taro a zauren coci ranar Lahadi bayan sujada. Condy ne shugaban kwamiti, ɗan wana, mai kanti da wurin shan shayi, wanda tun kafin a zauna ya riga ya hango bas-bas na baƙi jere a ƙofarsa. Hukumar ta turo wata mata mai suna Dervla Tuohy, mai ladabi, ta san aikinta, kuma ta yi kwana uku tana zama da Nabla a gaban murhun kafin taron. Ta yi bayani dalla-dalla. Za a gyara gidan, a kawo takardun Colm da teburinsa da hotuna. Sai ta ce akwai sharaɗi ɗaya da ba ta da ikon cirewa. Ba za a iya barin wuta mai rai a ƙarƙashin jinka ba a gidan da jama'a ke shiga, masu inshora ba za su yarda ba, hayaƙi kuma zai cinye takardun. Za a sa jan ƙwan lantarki a cikin murhun, a jera tubali a kai, daga nesa sai ka ce garwashi.

Duk zauren ya juya ya kalli Nabla. Tana da shekara saba'in da uku a lokacin. Ta miƙe, ko da yake miƙewarta da zamanta ba su da bambanci sosai.

"'Yar nan, jinkar za ta ruɓe."

"Akwai na'urar da ke zuƙe danshi, Iya. Za mu sa guda biyu."

"Shi mai masaukin fa, zai bar wutar?"

Condy ya ce shi wannan murhun ma gaba ɗaya zai fasa ya sa baho. Nabla ta koma ta zauna. Ba wanda ya so ya fara ɗaga hannu, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Can sai Condy ya buga tebur, fuskarsa ta washe.

"Jama'a, me muke wahalar da kanmu? Ai iyayenmu sun gama mana wannan aikin. Gida in zai tashi ba kashe wutarsa ake ba, ɗiba ake a kai wani murhu. Inna Nabla ta ɗebi garwashinta mu raka ta da shi, wuta ba ta mutu ba, gida bai rushe ba. Ko ba haka ba?"

Zauren ya ɗauki tafi. Tsofaffi suna gyaɗa kai, wata har da share hawaye, ana ta cewa haka ake yi tun kaka da kakanni. Hannuwa suka tashi, har da nawa, kuma na ji daɗin kaina da na tuna al'ada. Nabla ba ta ɗaga na yarda ba, ba ta ɗaga na ƙi ba. Da muka fito na ce mata ai gara haka, aƙalla gidan zai tsaya.

"Gidan zai tsaya," ta ce. "Shi ne abin da Manus ya ce zai dawo ya tarar."

Aka sa ranar Litinin ta farkon Oktoba, da hantsi. Ƙauyen ya fito da kayan Lahadi. Nabla ta shiga da tsohuwar tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku, ta durƙusa, ta tone tokar, ta riƙa ɗaukar garwashi da awartaki ɗaya bayan ɗaya tana jerawa. Abin da ya rage ta baza shi a kan dutsen murhun da hannunta, ta zauna tana kallo har ya yi fari. Dervla tana tsaye a bakin ƙofa tana kuka a fili. Sannan Nabla ta rufe tukunyar ta fito, muka buɗa mata hanya, ta dubi Condy.

"Gidan wa?"

Condy a ransa gidanta za ta kai. Amma gidan Nabla shekara shida da suka wuce aka gyara shi cikin shirin kula da tsofaffi, aka toshe murhun da siminti aka sa mata na'urar ɗumi mai aiki da mai, ita kuma ba ta damu ba tunda murhunta na kan tudu. Aka dubi Condy, ya ce shi gas yake amfani da shi tun aurensa. Aka dubi na kusa da shi, ya ce lantarki. Aka bi mu ɗaya ɗaya, kowa yana nuna na gaba, kowa yana cewa ai ya ɗauka gidan wane har yanzu akwai. Nawa murhun shekara ashirin ke nan da na sa aka rufe shi da katako aka shafe da filasta, na ajiye talabijin a gabansa.

Gida talatin da takwas ne a ƙauyenmu. Daga kan tudun ana ganinsu duka, kowane da bututun hayaƙinsa a tsaye, ko ɗaya ba ya hayaƙi. Mun cika zaure mun yi tafi a kan al'ada, ba wanda ya tuna cewa shi da kansa ya toshe mata ƙofa. Nabla ta tsaya da tukunya a hannu tana bin rufin gidajen da kallo.

"Tun yaushe?" ta ce.

Ba ta sani ba, da gaske. Shekara hamsin in ta fito gida sama take kallo, bututu ɗaya take dubawa.

Garwashin tubali a rufaffiyar tukunya ba ya wuce awa ɗaya ko biyu. Wani ya ce a mayar murhun Brid na yau kaɗai, Dervla ta duba ta ce ma'aikata sun riga sun fara kwance bututun daga sama. Wani mara kunya ya ce yana da abin gasa nama a bayan gida. Na kalli fuskar Nabla na ga abin da ban taɓa gani ba tun muna yara, ta tsorata. Zuciyata ta karye, kuma ni in zuciyata ta karye faɗa nake yi.

"Kai Condy, mai bakin tsiya, tunda kai ka haɗa wannan, ruga ka ɗauko guduma!"

"Gwaggo, guduma kuma?"

"Ta fasa kanka in ka ƙara tambaya. Gidana!"

Muka gangaro, Nabla a gaba da tukunya, ƙauye a baya. Aka ja talabijin gefe. Condy, mutum mai shekara hamsin da biyar da tumbi, ya cire kwat ɗin Lahadi ya shiga dukan bangona. Katakon ya faɗo, sai ga bututun cike da sheƙar hankaki ta shekara ashirin. Aka kawo sandunan kamun kifi aka ɗaɗɗaure aka riƙa zungura daga sama, ƙirare da kunkunniya suka zubo kan farin kafet ɗin da 'yata ta aiko mini daga Boston. Ban zagi kowa ba, kuma waɗanda suka san ni har yau suna ba da labarin wannan abin mamaki. Wata ta tuna akwai ragowar tubali a rumbun gidan Brid, aka ruga aka kwaso.

Da Nabla ta buɗe tukunyar, toka ce kawai. Ta tona da yatsa, ta tona, can ƙasa sai ga ɗan ja guda bai fi ƙwayar wake ba. Ta ɗora shi a murhuna, ta kewaye shi da ɓurɓushin tubali, ta sunkuya tana hurawa. Numfashinta bai kai ba. Na durƙusa kusa da ita, gwiwoyina suna ƙara, muka riƙa hurawa bi da bi, tana cewa in yi a hankali kada in kashe mata, ina cewa ta matsa da kanta ta tare mini. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Hayaƙi siriri ya fara tashi, sai harshen wuta ya leƙo. Mutanen da suka cika mini ɗaki suka yi ihu, ita kuwa ta zauna daɓas a cikin kunkunniyar ta ce in ba ta takarda da alƙalami.

Ta rubuta layi ɗaya ta miƙa wa Dervla. Ta ce a manna a ƙofar gidan Brid, ta waje, ba ta ciki ba, don mutum ya iya karantawa ko an rufe. Dervla ta karanta ta ce za ta sa shi cikin gilashi da hannunta, kuma duk wanda ya ce a cire sai ya fara cire ta daga aiki. Yana nan har yau, a ƙasan babban allon da ke ba da tarihin Colm da harshe uku. Abin da ke jiki shi ne: Manus, wuta tana gidan Sabha.

Wata goma sha huɗu Nabla ta yi tana zuwa gidana safe da yamma. Ba ta yarda in taɓa murhun ba, wai hannuna na lasar ambulan ne. Mun yi faɗa a kan shayi, mun yi a kan kafet, mun yi a kan wanda ya fara tsokanar wani a aji uku. Gidan tarihi ya buɗe, bas-bas suna zuwa, Condy ya ƙara tebura. Ba ta taɓa hawa ta ga jan ƙwan ba.

A hunturu na biyu sanyi ya kama ƙirjinta. Na je na same ta da rana a kwance, ta ƙanƙance cikin bargo. Ta kama hannuna.

"Sabha, ki riƙe."

"Ni? Ni da na ce miki mutumin nan ya mutu tun tuni?"

"Rufe mini baki. Shekara hamsin kina cewa taga ce aka gina miki a wuri mai kyau. Kin ɗauka ban san bas ɗin wa kike dubawa ba?"

Na gyara mata bargon. Sannan na ce, "Har yaushe?"

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Shekara biyu," in ji ta.

Bana shekara uku ke nan da muka binne ta. Ina kewarta fiye da yadda na yi kewar mijina, Allah ya yafe mini, kuma ba ni da wanda zan yi faɗa da shi. In Manus yana raye ya haura tamanin, ni kuma mace ce mai hankali, na san abin da hakan ke nufi. Duk da haka da yamma nakan binne garwashi, da safe in tone. Jiya bas ɗin ƙarfe huɗu ya tsaya, wani dogon tsoho ya sauko shi kaɗai da jaka ɗaya, ya tsaya yana kallon tudu. Na miƙe har na zubar da shayi a cinyata. Baƙo ne daga Jamus, ya zo ganin gidan shugaba. Na nuna masa hanya, na dawo na ƙara tubali biyu.